Birkin Baya na Tsohon Babur: Kundin Aikin Cire Iska da Neman Inda Matsalar Take

Asabar, 2 ga Maris

Babur ɗin ƙirar Japan ne na shekarar 1982, kuma kafin ya zo hannuna ya yi aƙalla shekara shida a jingine ba a tayar da shi ba. Injin ya tashi tun makon jiya bayan na wanke kafireto, saboda haka yau na juyo kan birki, na kuma fara da na baya domin shi ne ya mutu murus. Idan na taka feda sai ta tafi har ƙasa ba tare da wata turjiya ba, taya kuwa tana ta juyawa abinta kamar ba a taɓa komai ba.

Birkin na faifai ne mai aiki da mai, ba irin na ganga da ake ja da sandar ƙarfe ba. Feda tana tura wata gajeruwar sanda, sandar ta tura fistin a cikin masta, masta ta kora mai ta cikin tiyon roba zuwa kalifa, inda wani fistin mai faɗi yake matse takalman birki biyu a jikin faifai. Kofin mai yana sama da masta kaɗan, an haɗa su da ɗan guntun tiyo. Tsarin ke nan gaba ɗaya, shi ya sa na ɗauka aikin rabin yini ne.

Murfin kofin ne ya fara ɓata mini lokaci. Sukurorinsa biyu suna kama da na Phillips a ido, amma na ma'aunin JIS ne na Japan, kuma akwai ɗan ɗigo a kan kowanne da yake nuna haka. Wani ya riga ya ci rabin kan ɗaya da sukudireban da bai dace ba, sai da na sa sukudireban bugu na ɗan taɓa shi da hama kafin ya motsa. Man da na tarar a ciki ya yi duhu kamar tsohon baƙin mai, da wata laka kwance a ƙasan kofi, alhali sabon man birki garau yake, da ɗan rawaya-rawaya.

A jikin murfin an rubuta DOT 3, wato nau'in man birkin da ake zubawa. Wannan lamba daga Ma'aikatar Sufuri ta Amurka take, a ƙarƙashin ƙa'idar FMVSS 116, wadda ta ce sabon DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 na Salshiyas, DOT 4 kuma 230. Idan sun sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, lambobin sukan sauka zuwa 140 da 155. Duka biyun asalinsu ɗaya ne, suna garwayuwa da juna, kuma suna tsotsar danshin iska, abin da ya sa ake canza su duk shekara biyu. Zan zuba DOT 4. Sai dai kafin nan na ɗiga tsohon man a cikin ruwa don in tabbatar wani bai taɓa zuba DOT 5 ba, wato na silikon mai launin shunayya, wanda ba ya haɗuwa da sauran. Ya narke cikin ruwan nan take, bai taso ya yi zamansa daban ba. Na zuƙe tsohon man da sirinji, na goge kofin, na rufe fentin da ke kusa da tsumma mai jiƙa, domin man birki yana cin fenti.

Lahadi, 3 ga Maris

Nifil ɗin cire iska da ke jikin kalifa ya kafe. Ƙarfe ne da aka ɗaura cikin alminiyam, ga shi da rami a tsakiyarsa, don haka ƙarfi kaɗan ya isa ya karya shi, kuma idan ya karye a ciki aikin ya koma na haƙa da sake yanka zare. Tun jiya da dare na jiƙa shi da man kwance tsatsa. Yau na sa soket mai kusurwa shida na milimita 8, ban yarda da buɗaɗɗiyar sifana ba, na bubbuga kansa a hankali, na fara matsa shi ta wajen ɗauri kamar kaurin gashi, sannan na dawo da shi baya. A karo na uku ya saki.

Ƙanena ya zauna wajen feda, ni kuma na tsuguna wajen kalifa da tiyo mai garai-garai wanda na cusa a bakin nifil, ɗaya bakin nasa kuma na nutsa shi cikin ɗan mai a kwalba. Tsarin shi ne wanda kowa ya sani: ya taka sau uku ko huɗu ya riƙe, in buɗe nifil rubu'in juyi, feda ta nutse, in rufe, sannan ya saki. Mun yi haka sau goma ko ɗigo bai fito ba. "Yaya, anya akwai mai a ciki kuwa?" in ji shi. Akwai, kofi a cike yake. Da na cire nifil ɗin gaba ɗaya sai na ga ƙaramin ramin da ke gefensa ya toshe da busasshen datti, domin hular robar da ya kamata ta rufe bakinsa ta daɗe da ɓacewa. Na zura siririyar waya na buɗe shi, na hura, na mayar.

Daga nan mai ya fara zuwa, amma a hankali ƙwarai, kuma na lura kofi yana raguwa da nawa fiye da yadda na saba gani. Ban ba wannan muhimmanci ba. Baƙin mai ya fita, sabo ya biyo baya, ƙwayoyin iska suka yi ta bi ta cikin tiyo. Bayan kusan awa ɗaya feda ta fara ɗan kamawa a can ƙasa. Idan aka yi mata taku uku da sauri takan taso ta yi tauri, idan aka bar ta na minti ɗaya ta koma yadda take. Wannan ita ce alamar iska da aka fi sani, don haka na ce gobe ma rana ce.

Laraba, 6 ga Maris

Yammaci uku ke nan ina maimaita abu ɗaya, kuma rabin litar mai ta kusa ƙarewa a cikin birkin da duk abin da yake ɗauka bai kai cikin ƙaramin kofin shayi ba. Ƙananan ƙwayoyin iska ba su daina bi ta tiyo ba, har na fara tunanin akwai wata kafa da iska take shiga. Akwai ɗin kuwa, amma ba inda nake zato ba: idan nifil yana buɗe, iska tana bi ta tsakanin zarensa ta shiga tiyon da nake kallo, ba tare da ta taɓa shiga kalifa ba. Na shafa giris kaɗan a gindin zaren daga waje, ƙwayoyin suka ɗauke ɗif. Ashe na kwana biyu ina korar iskar da ba ta cikin birki. Feda dai ba ta canza ba.

Daren jiya na rataya wa feda nauyi ta kwana a danne, kamar yadda masu gyara da yawa suke yi. Da safe na same ta kwance a ƙasa, kuma da na ɗaga ta na sake takawa ba ta fi jiya ba. A ganina wannan dabara tana iya taimakawa idan abin da ya rage ƴan ƙananan kumfa ne, amma ba ta gyara abin da ya lalace. Wani abu ya fi damuna: birkin da ba ya yoyo bai kamata ya bari feda ta kai ƙasa a ƙarƙashin nauyi ba, kuma ban ga ɗigon mai ko ɗaya a ƙasa ba.

Asabar, 9 ga Maris

Yau na ajiye sifana na fara da awo. Fistin ɗin masta milimita 14 ne, an rubuta a jikinta, na kalifa kuma milimita 38. Faɗin fuskar na farko ya kama milimita 154 murabba'i, na biyu 1134, wato ninki bakwai da ɗoriya. Bisa ƙa'idar da Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17, matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yana isa ko'ina daidai, saboda haka ƙarfin da ya shiga masta yana fita a kalifa ninki bakwai, amma tafiyar fistin ɗin kalifa kashi ɗaya ce cikin bakwai na tafiyar na masta. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yawan man da ake turawa: idan fistin ɗin masta ya yi tafiyar milimita 10, man da ya kora mililita ɗaya da rabi ne kacal. Ke nan ƙwayar iska da ba ta fi kan ɗan yatsa ba ta isa ta shanye takun feda gaba ɗaya, tunda iska tana matsuwa, mai kuwa kusan ba ya matsuwa.

Sai na bi hanyar tiyo da ido. Daga masta yana hawa sama, ya lanƙwasa a kan hannun da ke riƙe da tayar baya, sannan ya gangaro zuwa kalifa. Tudun wannan lanƙwasa ya fi nifil tsawo, kuma iska sama take nema; duk takun da muka yi yana tura ta gaba kaɗan ne, da an saki feda ta koma mazauninta. Na kwance kalifa daga mariƙinta, na sa guntun katako mai kaurin faifai tsakanin takalman don kada fistin ya fito, na rataye ta da waya sama da sirdi yadda tiyo zai miƙe kuma nifil ya zama shi ne ƙololuwa. Na bubbuga tiyo da ƙotar sukudireba, muka sake yi. Manyan ƙwayoyi biyu suka fito, feda ta ƙara tauri sosai.

Don in kammala, na ce bari in tura mai ta baya, daga nifil zuwa kofi, yadda iskar da ta rage a masta za ta bi hanyarta ta sama. Na cika sirinji na mililita 60, na haɗa, na buɗe nifil, na danna. Sirinji ya ƙi tafiya. Na ƙara ƙarfi har tiyon ya fizge daga bakin nifil ya watsa mini mai a hannun riga, amma man da ke kofi ko girgiza bai yi ba. Idan feda tana sama, ya kamata a sami buɗaɗɗiyar hanya daga kalifa har zuwa kofi. Tawa a rufe take, kuma wannan ba aikin iska ba ne.

Lahadi, 10 ga Maris

Da ma abin da ya kamata in yi tun ranar Laraba shi ne in raba birkin gida biyu in gwada kowane ɓangare shi kaɗai. Na kwance bol mai rami da ke ɗaure tiyo a bakin masta, na toshe bakin da gajeren bol marar rami mai zare iri ɗaya, M10 da tazarar zare 1.25, tare da washar jan ƙarfe. Na sassauta shi kaɗan ƙanena ya taka har iska ta fita ta gefensa, na ɗaure. Yanzu babu tiyo babu kalifa, masta ce kaɗai, kuma lafiyayyar masta a wannan hali feda takan tsaya kamar an taka dutse. Tawa ta tsaya idan aka buga ta da sauri. Amma da na ɗora mata hannu na danna a hankali ba tare da na ɗaga ba, sai ta yi ta nutsewa sannu-sannu har ƙasa. Mai yana zagaye robar da ke tare mai a gaban fistin yana komawa baya a cikin masta, shi ya sa ba a ganin yoyo a waje, shi ya sa kuma nauyin da na rataya ya kwana a ƙasa.

Na cire masta na kai ta kan tebur. Ƙarƙashin robar kare ƙura akwai farin gari da tsatsa, zoben ƙarfen da ke tsare fistin kuma ya ci tsatsa har ramukansa sun kusa ɓacewa, sai da na yi ta kankara da allura kafin bakin filaya ya sami wurin kamawa. Fistin ya fito da sifirin ɗinsa. Robar gaba ta bushe, kuma akwai ƴar tsaga a leɓenta. A can ƙarshen ramin masta, wurin da fistin ba ya kaiwa a aikin yau da kullum, na ga wani zobe na datti mai kaushi. Ina kyautata zaton ni na ƙarasa robar: mako guda muna tura feda har ƙasa, muna gurza tsohuwar roba a kan wannan kaushin ɗaruruwan lokuta. Da na sa ɗan katako a ƙarƙashin feda ya rage mata tafiya, wataƙila da ba ta tsage ba, ko da yake robar da ta yi shekaru haka ta cancanci canji ko ta tsage ko ba ta tsage ba.

Idan aka leƙa ta bakin da mai yake shigowa daga kofi, ramuka biyu ne. Babban yana ciyar da bayan robar gaba, kuma ta leɓen robar mai yake silalewa gaba idan fistin yana komawa. Ta nan ne muka riƙa samun ɗan man da yake zuwa da nawa ranar Lahadin da ta wuce. Ƙaramin, wanda bai fi bakin siririyar allura ba, yana gaban robar daf da leɓenta idan fistin yana hutawa, kuma shi ne yake barin matsi ya koma kofi idan an saki feda ko idan mai ya ɗumama ya kumbura. Nawa ya toshe har ba a ganin alamarsa sai da na kankare wurin. Na zaro sili ɗaya daga cikin wayar lantarki mai sili-sili na yi ta tsokana har ya ratsa. Ba a sa masa abin huda, domin idan ramin ya faɗaɗa ko bakinsa ya yi kaifi zai riƙa yankan roba duk lokacin da ta wuce.

Na wanke komai da sabon man birki. Fetur da kananzir ba sa zuwa kusa da wannan aiki, saboda robar birki irin ta EPDM ce, kuma man da aka tace daga ɗanyen fetur yana kumbura ta. Cikin ramin ya fito sumul bayan wanki, babu ramukan tsatsa a inda roba take tafiya, don haka mastar za ta gyaru. Na yi odar saitin gyaranta.

Alhamis, 14 ga Maris

Kayan ba su iso ba tukuna. Na auna faifai a wurare shida: mafi siranta milimita 6.4, kuma iyakar da aka buga a jikinsa 6.0 ce. Karkatarsa a agogon awo milimita 0.1, littafin babur ɗin ya yarda har 0.3. Faifai zai zauna. Kalifar irin mai zamewa ce a kan sanduna biyu, kuma ta ƙasan ta bushe ƙamas, shi ya sa takalmi ɗaya ya fi ɗan'uwansa cinyewa. Na goge sandunan na shafa musu giris ɗin silikon. Takalman sun sha mai ranar da sirinji ya fizge, don haka su ma na ƙara su cikin oda. Takalmin da ya sha mai ba ya wankuwa.

Asabar, 23 ga Maris

Na haɗa masta. Na jiƙa sababbin robobi a man birki kafin in sa su, buɗaɗɗen leɓensu yana fuskantar bakin da mai yake fita, na kuma lura kada leɓen ya naɗe wajen shiga rami. Zoben tsaro yana da fuska mai kaifi da mai laushi, mai kaifin ce take kallon waje. Kafin in mayar da ita jikin babur na cika ta da mai a kan tebur, na toshe bakin da yatsa ina tura fistin a hankali har ta fara tura yatsan nawa. Duk lokacin da fistin ya fara motsi ina ganin ɗan tsirin mai yana tasowa a kofi ta ƙaramin ramin nan, abin da ban gani ba ko sau ɗaya a makon farko.

Na ɗaura tiyo da sababbin washoshin jan ƙarfe, biyu a kowane baki, domin tsofaffin sun riga sun matse sun taurare. Na sake rataye kalifa, amma wannan karon a ƙasa da masta, na tura mai da sirinji ta nifil. Ya tafi salin-alin, ƙwayoyin iska suka yi ta fashewa a kofi, ni kuma ina zuƙe rarar da wani sirinjin don kada ya tumbatsa. Bayan haka na ɗaga kalifa sama muka yi taku biyar na al'ada, na kuma ɗan sassauta bol ɗin bakin masta a ƙarƙashin matsi, na naɗe shi da tsumma, domin nan ma iska takan maƙale. Cikin minti ashirin feda ta tsaya cak, kuma da na ɗora mata nauyina na minti ɗaya ba ta nutse ba.

Da na zo haɗa sandar feda sai na ga akwai ɗan lilo kafin feda ta fara tura fistin, na ƙara wa sandar tsawo juyi biyu don in kawar da shi. Na sa sababbin takalma, na fita gwaji a hanyar da babu zirga-zirga. Kilomita ɗaya na farko lafiya lau. A na uku babur ya fara nauyi kamar ana jan sa ta baya, da na kama kulochi sai ya tsaya da kansa. Faifai ya yi zafin da ba a kusantar sa da hannu, ga ƙaurin takalmi. Da sifanar da ke aljihuna na buɗe nifil, mai ya yi tsartuwa, taya ta saki. Na dawo gida a hankali ban sake taɓa fedar ba.

Lahadi, 24 ga Maris

Tsartuwar man jiya ta nuna matsi ne yake maƙalewa bayan an saki feda. Abu biyu nake zargi: ko dai masta ba ta buɗe hanyar komawa, ko kuwa tsohon tiyo ya ruɓe ta ciki yana barin mai ya tafi yana hana shi dawowa. Rarrabe su ba wuya. Na ɗora babur a kan sitan na tsakiya, na yi ta taka feda har taya ta fara riƙewa, sannan na sassauta bol ɗin bakin masta maimakon nifil. Da a ce tiyo ne ya toshe, da matsin ya ci gaba da zama a ɓangaren kalifa. Taya ta saki nan take, ke nan laifin yana masta.

Ban ma kwance ta ba na gano shi. Fedar tana da bol ɗin da yake tsayar da ita a sama, kuma da na tsawaita sanda jiya sai feda ta riƙa dukan wannan bol kafin fistin ya gama komawa mazauninsa. Saura kamar milimita ɗaya, amma wannan milimitar ta isa leɓen roba ya rufe ƙaramin ramin da na ɓata yini guda ina buɗewa. Daga nan abin yana ciyar da kansa: takalmi ya ɗan gogi faifai, mai ya ɗumama ya kumbura, ba shi da hanyar komawa kofi, sai ya ƙara matse takalmi, zafi ya ƙaru. Lilon da na ɗauka aibi ne, da gangan aka bar shi. Na mayar da sanda yadda take, na tabbatar tana da ɗan wasa kafin ta taɓa fistin, na ɗaure notin kulle, na kuma gwada da sirinji: mai yana wucewa har kofi. Kofin ma na rage shi zuwa layin sama, domin na cika shi har baki, kuma hakan kaɗai yana iya hana mai wurin komawa. Takalman sun ɗan yi sheƙi saboda zafi, na goge fuskarsu a kan samfefa da na shimfiɗa a kan gilashi.

Asabar, 30 ga Maris

Birki ba ya kullewa yanzu, amma idan na juya taya da hannu ba ta cika zagaye ɗaya ba take tsayawa, kuma buɗe nifil ba ya canza komai. Tunda babu matsi, saura kalifa kanta, wadda nake ta kauce wa buɗewa.

Na cire takalma na yi amfani da feda na turo fistin har ya faɗo cikin tsumma. Jikinsa lafiya, sai wani zobe na datti da ya fita da goga. Matsalar tana cikin kwarmin da robar fistin take zama. Wannan roba mai kusurwa huɗu ce, kuma ba tare mai kaɗai take yi ba: idan fistin ya fita takan ɗan lanƙwashe ta bi shi, idan matsi ya sauka ta koma siffarta ta janyo shi baya kaɗan. Babu wani sifirin da yake wannan aiki a kalifa, ita kaɗai ce. A nawa, farar tsatsar alminiyam ta taru a ƙarƙashin robar ta turo ta ciki, har ta shaƙe fistin ta hana shi komawa. Na kankare kwarmin da lanƙwasasshiyar wayar jan ƙarfe, wadda ba ta kai taurin da za ta yi wa alminiyam mummunan rauni ba, kuma kusurwoyin ne suka fi cin lokaci, kusan awa biyu. Da sababbin robobi da ɗan man birki, fistin ya shiga da matsin manyan yatsuna biyu, alhali a baya ko da matsi na ƙarfe da ƙyar yake motsi.

Tiyo ma na canza shi, ko da yake gwajin makon jiya ya wanke shi daga zargin toshewa. Da na riƙe shi a tafin hannu ƙanena yana takawa, na ji yana kumbura kamar jijiya, kuma duk man da ya tafi wajen kumbura tiyo bai isa kalifa ba. Littafin babur ɗin ya ce a canza shi duk shekara huɗu, wannan kuwa ga dukkan alama shi ne wanda ya fito da shi daga masana'anta. Na tsaya a kan na roba ban ɗauki mai saƙar ƙarfe ba. Idan aka taka birki nauyin babur gaba yake komawa, tayar baya ta yi sauƙi, saboda haka ba na son fedar baya mai kaifin da zai sa taya ta kulle da ɗan taɓawa. Wani zai iya ganin akasin haka.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Cire iska na ƙarshe ya ɗauki minti goma sha biyar da mai ƙasa da mililita 100: sirinji ta ƙasa, kalifa a sama, bol ɗin bakin masta, shi ke nan. Na ɗaure bol ɗin tiyo da sifana mai awon ƙarfi bisa lambar da ke littafi, na sa wa nifil sabuwar hular roba, na wanke duk inda mai ya taɓa da ruwa. Taya tana yin zagaye biyu da rabi idan na juya ta, da ɗan sautin shafar takalmi wanda ba ya damuna. Makunnin fitilar birki ya buƙaci gyara, domin yana kunnawa ne bayan birki ya riga ya kama. Na matsar da notinsa har fitila ta riƙa kamawa kafin takalmi ya taɓa faifai.

A hanya na zaunar da takalman da taku kamar ashirin masu matsakaicin ƙarfi, daga kilomita 50 a awa zuwa kusan tafiyar ƙafa, ina barin tazara tsakaninsu don faifai ya huce. Bayan haka na yi kilomita 12 ban taɓa birkin baya ba, na tsaya da na gaba kawai, na kai bayan hannuna kusa da faifai: sanyi ƙalau. Na naɗa farar takarda a kowace mahaɗa, na rataya wa feda nauyi na awa uku. Takardun sun fito a bushe, feda kuma tana nan inda na bar ta.

Na yi wa kofi alama a daidai inda mai ya tsaya, zan sake duba shi da ɗaurin bol-bol ɗin bayan kilomita 200. Na rubuta watan da aka zuba man a ɗan tef na manna a ƙarƙashin sirdi. Birkin gaba yana kamawa, amma man da nake hange ta tagar kofinsa launinsa ɗaya da wanda na zuƙe ranar 2 ga Maris, don haka na riga na yi odar robobin mastarsa da na kalifarsa, kuma yau da dare zan fara jiƙa nifil ɗinsa.